Idan Alƙalami Ya Cije a Tsakiyar Labari: Bayanin Kimiyya da Hanyoyin Mafita

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 1876, marubucin nan na ƙasar Amurka Samuel Clemens, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Mark Twain, ya aika wa amininsa William Dean Howells da wasiƙa daga wata gona da ke bisa tudu kusa da garin Elmira. A ciki ya shaida masa cewa ya rubuta shafi 400 na wani sabon ƙagaggen labari, amma aikin bai kwanta masa a rai sosai ba, har yana tunanin idan ya gama, ko dai ya jefa takardun a akwati ko kuwa ya cinna musu wuta. Bai ƙona su ba, amma kuma bai gama ba. Jim kaɗan bayan wannan wasiƙa sai alƙalaminsa ya cije, labarin ya ƙi gaba. Sai da aka shafe shekara bakwai kafin ya kai ƙarshen littafin, wato Adventures of Huckleberry Finn, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan ayyukan adabin Amurka.

Wannan matsala ba ta Mark Twain ba ce shi kaɗai. Duk mai rubutu mai tsawo, ko marubucin labari ne ko ɗalibin da ke fama da kundin digiri, yana iya wayar gari ya tarar da takarda a gabansa, alƙalami a hannu, amma kalma ɗaya ta gagara. Littattafai da yawa sun mutu a wannan mataki, kuma akwai ɗaliban da suka rasa shaidar karatunsu saboda shi. Don haka ya dace a duba abin da kimiyya ta gano game da lamarin, da kuma yadda waɗanda suka faɗa cikinsa suka fita.

Sunan matsalar da iyakarta

Da farko ya kamata a bambance cijewar alƙalami da wasu larurori biyu da ke kama da ita. Akwai rasa ikon rubutu saboda rauni a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yakan faru ga wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, inda mutum kan kasa haɗa haruffa su ba da kalma. Akwai kuma riƙewar hannu, inda tsokokin yatsu ke ɗaurewa da zarar an kama alƙalami. Mai cijewar alƙalami ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Hannunsa lafiya lau, yana iya rubuta wasiƙa ko lissafin cefane, amma aikin da ya fi damunsa shi ne ya ƙi motsi.

Wanda ya raɗa wa matsalar sunan da aka san ta da shi a Turance shi ne Edmund Bergler, likitan ƙwaƙwalwa mai bin tafarkin Sigmund Freud, wanda ya yi ƙaura daga Ostiriya zuwa Amurka. Ya yi haka a 1947. A ganinsa tushen abin yana can cikin ƙuruciya, tun lokacin shan mama da yaye. Masana na yau ba su karɓi wannan bayani ba, domin babu gwajin da ya tabbatar da shi. Amfanin da Bergler ya yi shi ne ya sa aka fara kallon lamarin a matsayin abin bincike, maimakon a ce lalaci ne kawai ko ƙarewar baiwa.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, Jerome Singer da Michael Barrios na Jami'ar Yale suka tara marubuta, waɗansu masu fama da matsalar, waɗansu kuwa lafiyayyu, suka yi musu gwaje-gwajen halayya. Sun tarar masu cijewar alƙalami sun fi yawan damuwa da baƙin ciki da zargin kai, kuma ba iri ɗaya ba ne: wani fargaba ce ke cinsa, wani fushi da mutane, wani mutuwar zuciya, wani kuwa takaicin rashin samun yabo. Ke nan ruwa ba ya tsami banza, kuma tun da sababin ya bambanta, magani ɗaya ba zai yi wa kowa aiki ba.

Me ya sa sai a tsakiya?

Farkon labari yana da sauƙi, domin marubuci yana da 'yanci: duk sunan da ya ga dama zai ba tauraronsa, duk garin da ya so zai kai shi. Amma kowane shafi da ya rubuta alkawari ne ya ɗauka. Idan ya ce tauraron maraya ne a babi na biyu, ba shi da damar kawo mahaifinsa a babi na goma sai da dalili. Kafin a kai tsakiya, alkawuran sun taru, hanyoyin da suka rage sun ƙuntata, ƙarshen kuma bai bayyana ba tukuna.

A nan ne wata iyaka ta halittar ɗan Adam take shigowa. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, amma ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe abin da mutum ke tunani a kai a daidai wannan lokaci ƙarama ce ƙwarai. A 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa abubuwa bakwai take ɗauka, da ɗan ragi ko ƙari. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin, ya nuna adadin ya fi kusa da huɗu. Marubucin da ke ƙoƙarin riƙe taurari goma da zaren labari uku da salon maganar kowa, duk a ka, ya ɗora wa wannan ƙaramin faifai kayan da ya fi ƙarfinsa.

Bugu da ƙari, Linda Flower da John Hayes na Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna a 1981 cewa rubutu ba aiki ɗaya ba ne. Sun sa marubuta su riƙa faɗin abin da ke ransu a fili yayin da suke rubutu, suka gano ayyuka uku da ke karɓa-karɓa: tsarawa, da mayar da tunani kalmomi, da bita. Dukkansu a kan wannan faifai ɗaya suke cin abinci. Mike Rose na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya bi diddigin ɗalibai goma a 1980, biyar masu cijewa, biyar marasa cijewa. Ya tarar masu cijewar suna riƙe da dokoki masu tsauri, alal misali cewa dole sakin layi na farko ya fita tsaf kafin a taɓa na biyu, kuma suna gyaran jimla tun kafin su gama rubuta ta. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ce zai yi gini da yaɓe a lokaci guda, bangonsa ba zai tashi ba.

Inda Mark Twain ya maƙale

Labarin Twain ya ƙunshi yaro farar fata, Huck, wanda ya gudu daga mahaifinsa mashayi, da wani bawa, Jim, wanda ya tsere don kada a sayar da shi can kudu. Suna tafiya a kan gumaguman da aka ɗaure wuri guda, ruwan kogin Misisipi yana jan su. Dabararsu ita ce su isa garin Kairo na jihar Ilinoi, inda kogin Ohayo ya haɗu da Misisipi, su bi Ohayo zuwa jihohin da aka haramta bauta. Sai marubucin ya sa suka wuce Kairo cikin hazo ba su sani ba, sa'an nan ya sa wani jirgi mai tafiya da tururi ya banke gumaguman nasu.

Matsalar a fili take. Twain ya yi aikin tuƙin jirgi a Misisipi daga 1857 zuwa 1861, ya san garuruwan kudancin kogin da mutanensu da maganarsu, kuma nan ne zuciyarsa take son kai labarin. Amma wane dalili zai sa bawan da ke neman 'yanci ya ci gaba da nutsawa cikin ƙasar bauta? Hankali bai ɗauka ba. Abin da marubucin yake so da abin da labarin ya yarda da shi sun yi hannun riga.

Shekaru da yawa manazarta sun ɗauka a wurin hatsarin jirgin ne ya ajiye alƙalami. A 1990 aka tsinci rabin farko na rubutun hannunsa, wanda ya ɓace fiye da shekara 100, cikin wani akwati a saman wani gida a Los Anjalis. Da aka duba canjin tawada da takarda, sai aka ga ya ɗan wuce nan kafin ya tsaya, a shafi na 446, cikin babi na 18. Abin lura kuma shi ne, a shekarun da wannan littafi ke kwance, Twain bai daina rubutu ba. Ya fitar da A Tramp Abroad a 1880, da The Prince and the Pauper a 1881. Baiwarsa ba ta ƙafe ba. Labari ɗaya ne ya kai shi mararrabar da bai san yadda zai ƙetare ba. Sau da yawa cijewar alƙalami saƙo ne cewa akwai wata karkata a cikin ginin labarin wadda mai shi bai gano ba tukuna.

Goshin ƙwaƙwalwa da sinadaran fargaba

Sashen da ke bayan goshi shi ne mai tsara aiki, mai auna zaɓi, mai hana mutum yin abin da bai dace ba. Shi ne kuma mazaunin ma'ajiyar wucin gadin da aka ambata. Ana iya kiransa alƙalin cikin kai. Rubutu ba ya yiwuwa sai da shi, amma idan ya cika tsanani yakan kashe tunani tun yana tsiro.

A 2008 Charles Limb da Allen Braun suka sa ƙwararrun makaɗan fiyano shida cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki da maganaɗisu, wadda ke bin sawun kwararar jini. Lokacin da makaɗan ke ƙirƙirar kiɗa nan take, sai aka ga gefen goshin ƙwaƙwalwa mai sa ido a kan kuskure ya lafa, tsakiyarsa mai alaƙa da bayyana abin da ke rai kuwa ta ƙara himma. Ma'ana, ƙwararre ya koyi sallamar alƙalinsa na ɗan lokaci. Likitar jijiyoyi Alice Flaherty ta Jami'ar Harvard, a littafinta The Midnight Disease na 2004, ta kawo ra'ayin cewa sha'awar rubutu tana da alaƙa da sashen ƙwaƙwalwa na wajen kunne, cijewa kuwa da sashen goshi. Daga cikin hujjojinta akwai abin da Stephen Waxman da Norman Geschwind suka bayyana a 1974, cewa waɗansu masu farfaɗiyar sashen wajen kunne sukan kamu da larurar yawan rubutu, su cika littattafai ba ƙaƙƙautawa.

Fargaba kuwa ta wata ƙofar take ɓarna. Idan mutum ya ji barazana, wani ɗan curi a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala yakan buga ƙararrawa. Ƙulluttan da ke bisa ƙoda sai su zuba adirenalin da kotisol cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama. A cikin ƙwaƙwalwa kuma noradirenalin da dofamin su yi yawa. Binciken Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ya nuna cewa sashen goshi yana buƙatar waɗannan sinadarai biyu daidai wa daida, kamar gishiri a miya. Idan suka yi yawa sai sadarwar ƙwayoyinsa ta raunana, ragamar ta koma hannun sassan da ke gudanar da al'ada da gudun ceton rai. Wannan tsari yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kumurci. Amma jiki bai cika bambance maciji da wa'adin maɗaba'a ko tsoron masu suka ba. Da haka ake shiga zagaye: rashin rubutu ya haifi fargaba, fargaba ta raunana sashen da ake bukata don rubutun, gobe kuma a zauna da fargabar da ta fi ta jiya. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan dabbobi da makaɗa da ɗalibai aka yi su, ba a kan marubutan labari ba, amma bayaninsu ya dace da abin da marubuta ke faɗi game da kansu.

Rijiya takan tara ruwa da dare

A ƙarshen rayuwarsa Twain ya ba da labarin cewa irin wannan tsayawa ta taɓa samunsa a tsakiyar Tom Sawyer, kuma a nan ne ya gane cewa tunanin marubuci kamar tankin ruwa yake: idan ya ƙare, a bar shi, zai cika da kansa yayin da mai shi ke barci ko yake wani aikin. Duk wanda ya taɓa jan ruwa da bazara ya san haka. Rijiyar da aka yashe da yamma har guga na kankarar laka, da asuba akan tarar ta tara.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1926 Graham Wallas ya kasa ƙirƙira mataki huɗu: shiri, da kwanci, da haskakawa, da tantancewa. Kwanci a nan kamar na kaza ne bisa ƙwai: daga waje ba a ganin komai, a ciki kuwa halitta tana ginuwa. Ya kafa hujja da masanin lissafin Faransa Henri Poincaré, wanda ya yi makonni yana fama da wata matsala, ya bar ta ya fita yawon nazarin duwatsu, amsar ta faɗo masa daidai lokacin da ya ɗora ƙafa zai hau keken doki a garin Coutances.

Gwaji ya nuna hanyoyi biyu da hutu ke taimakawa. Ta farko ita ce mantuwa mai amfani. A 1991 Steven Smith da Steven Blankenship suka ba ɗalibai wasan kalmomi tare da alamun da aka shirya don su ɓatar da su. Waɗanda aka ba hutu sun fi samun amsa daga baya, domin alamar ƙaryar ta saki tunaninsu. Marubucin da ya kafe a kan cewa dole babi na gaba ya kasance kaza, yakan buƙaci ya manta da wannan dolen kafin ya ga wata ƙofa. Ta biyu ita ce aikin ɓoye. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kuma wannan ci bai cika raguwa ba don mutum ya zauna shiru. A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa suka bayyana wasu sassa da ke ƙara himma a daidai lokacin da mutum ba ya wani aiki, su ne masu tuno abin da ya wuce, da hasashen gobe, da ƙiyasta abin da ke zuciyar wani. Waɗannan kuwa su ne ainihin kayan aikin mai ƙaga labari. A 2009 Ut Na Sio da Thomas Ormerod suka tattara sakamakon gwaji 117, suka tabbatar cewa ajiye matsala na ɗan lokaci yana taimakawa, musamman ga wanda ya sha fama da ita tukuna.

Barci, tattaki da ƙaramin aiki

A 2004 Ullrich Wagner da Jan Born da abokansu a Jami'ar Lübeck ta Jamus suka ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba tare da sun gaya musu akwai ta ba. Daga cikin waɗanda suka yi barcin awa takwas kafin su sake gwadawa, kusan kashi 60 cikin 100 sun gano hanyar. Daga cikin waɗanda suka yi wannan tsawon lokaci ido biyu, ba su kai kashi 25 ba. Barci ba ajiye abin da aka koya kawai yake yi ba, yana sake jera shi.

A 2012 Benjamin Baird da abokansa a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka nemi ɗalibai su kawo sababbin hanyoyin amfani da abubuwan yau da kullum, sa'an nan suka ba su hutun minti 12. Waɗanda suka yi hutun suna wani ƙaramin aiki marar wuya, wanda ke barin hankali ya yi yawo, sun ƙaru da kimanin kashi 40 cikin 100 da suka koma kan tambayoyin farko. Waɗanda aka ba aiki mai wuya, da waɗanda suka zauna kurum, ba su nuna irin wannan ƙaruwa ba. A 2014 kuma Marily Oppezzo da Daniel Schwartz na Jami'ar Stanford suka gano cewa tafiya a ƙasa tana ƙara yawan sababbin dabaru da kimanin kashi 60 cikin 100 idan aka gwada da zama. Sai dai tattakin bai taimaka ba wajen tambayar da ke da amsa ɗaya tak. Darasin shi ne, a nemo hanyoyi a tafe, a zaɓi guda a zaune.

Hutu kaɗai bai isa ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mafita ita ce a naɗe hannu a jira ilhami. A 1983 Robert Boice ya kasa malaman jami'a 27 masu fama da rubutu gida uku. Rukuni na farko aka hana su rubutu sai na dole. Na biyu aka ce su rubuta idan sun ji sha'awa. Na uku aka ɗaure su da lokaci tsayayye, da sharaɗin duk ranar da suka saɓa za a aika da kuɗinsu ga wata ƙungiya da suka tsana. 'Yan rukuni na uku sun rubuta shafuka fiye da ninki uku na masu jiran sha'awa, kuma abin mamaki, su ne suka fi samun sababbin dabaru. Marubucin Ingila Anthony Trollope, wanda ya yi shekaru yana aikin gidan waya, yakan zauna da ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 kowane minti 15. Ya bar littattafan labari 47.

Babu saɓani tsakanin wannan da batun rijiya. Rijiyar da ba a haƙa ba ba ta tara ruwa, kuma mataki na farko a jerin Wallas shi ne shiri. Zama na kullum yana rage fargaba, domin yau ba ita ce ranar da komai ya rataya a kanta ba. Hutu kuwa yana warware abin da zaman ya ƙulla.

Haka ta kasance ga Twain. A 1880 ya koma kan labarin da sabuwar dabara: ya kawo wasu 'yan damfara biyu, ɗaya yana kiran kansa sarki, ɗaya basarake, suka hau gumaguman suka ƙwace ragamar tafiyar. Yanzu Huck da Jim suna gangarawa kudu ba da son ransu ba, matsalar dalili ta warware. Bayan 'yan babobi ya sake tsayawa. A 1882 ya koma Misisipi da kansa, ya bi kogin har Niyu Olins don tattara bayanan littafinsa Life on the Mississippi, ya sake ganin garuruwan da ya sani, ya sake jin harshen mutanensu. Da ya zauna a gonar Elmira a tsakiyar 1883, sai ga shi yana rubuta kalma 3,000 zuwa 4,000 a yini. Littafin ya fito a Ingila a Disamba 1884, a Amurka kuma a Fabrairu 1885. Haka nan J.R.R. Tolkien ya tsaya kusan shekara guda a tsakiyar The Lord of the Rings, kafin ya ci gaba ya kammala a 1949.

Ba kowa ke fita ba. Ralph Ellison ya girgiza Amurka da Invisible Man a 1952. Ya yi shekara 40 yana aikin littafi na biyu, gobara ta cinye wani ɓangarensa a 1967, ya rasu a 1994 ya bar shafuka sama da 2,000 ba tare da ya ɗinke su ba. Nasa ba rashin kalmomi ba ne, rashin yanke hukunci ne a kan inda labarin zai tsaya.

Matakan da za a iya bi

Na farko, a gano irin cijewar. Marubuci ya koma baya ya nemi wuri na ƙarshe da rubutun ke gudu, ya tambayi kansa wane zaɓi ya yi a nan. Sau da yawa karkatar tana babi biyu ko uku kafin inda aka tsaya.

Na biyu, a sauke wa ƙwaƙwalwa kaya. A rubuta sunayen taurari da abin da kowa ke nema a takarda dabam, a taƙaita kowane babi cikin jimla ɗaya, a jera su a gani da ido.

Na uku, a raba ƙirƙira da gyara. A ware minti 15 ko 20 ana rubutu ba tsayawa ba gogewa, a bar bita sai wani zama. Ba dole ba ne a bi babobi a jere. Wanda ya san ƙarshen labarinsa yana iya rubuta shi yau.

Na huɗu, a tsayar da ƙaramin ƙa'idi na kullum wanda ba zai gagara ba ko a ranar gajiya, kuma a tashi daga aiki alhali an san abin da zai biyo baya, kamar yadda Ernest Hemingway ya riƙa ba da shawara, domin gobe a tarar da bakin zare.

Na biyar, idan an yi fama an gaji, a tashi a yi tattaki ko shara ko ban ruwan shuka, a kuma ba barci haƙƙinsa. Idan abin da ya ƙare sani ne, a je a gani da ido, a saurari masu sana'ar da ake rubutu a kanta, kamar yadda Twain ya koma kogi.

Na shida, idan cijewar ta zo tare da rashin barci, da ƙin abinci, da fita sha'awar komai har fiye da mako biyu, to lamarin ya wuce na alƙalami. Alamun ciwon baƙin ciki ne, kuma yana da magani; sai a nemi likita.

Kammalawa

Cijewar alƙalami a tsakiyar labari ba hujja ba ce cewa baiwa ta ƙare. Takan samo asali daga karkata a ginin labarin, ko kayan da suka fi ƙarfin ma'ajiyar tunani, ko alƙalin cikin kai da ya zo kafin lokacinsa, ko fargabar da ta mamaye goshin ƙwaƙwalwa. Kowanne da maganinsa, kuma dukkansu suna buƙatar aiki da hutu su riƙa karɓar juna. Takardun nan da Mark Twain ya yi tunanin ƙonawa a 1876 suna ajiye yau a ɗakin karatu na birnin Buffalo, inda manazarta ke zuwa duba shafin da tawada ta canja. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. Mai littafin da ya kwanta a akwati, sai ya ciro shi ya karkaɗe ƙura, ya nemi inda zaren ya tsinke.